Yadda za ka nemo tarihin yaron da ya rasu yana sojan ruwa, ka raya sunansa

Maƙwabciyata a nan Ingila tsohuwa ce da ta haura shekara 80. Mama nake ce mata, har ta saba tana amsawa. Wata ranar Lahadi na shiga gyara mata makullin taga, da na gama sai ta ɗauko wani tsohon gwangwani ta ajiye a gabana. A ciki akwai hoton wani yaro sanye da kayan sojan ruwa, hular ta yi masa yawa har ta sauko kan kunnuwansa. Akwai lambobin yabo biyu, da wani faifan tagulla naɗe cikin tsohuwar safa, da wata 'yar wuƙar aljihu da tsatsa ta cinye. Ta ce, "Wannan wan mahaifina ne. Teku ta cinye shi a 1916. Ni kaɗai na rage da na san sunansa, kuma ban san komai a kansa ba sai sunan."

Wata takwas muka yi muna wannan aiki ni da ita. Abin da zan faɗa maka a nan hanyar da muka bi ce, har da inda na yi tuntuɓe. Ta shafi yaran da suka yi aiki a rundunar sojan ruwan Birtaniya, musamman a Yaƙin Duniya na Farko, domin nan ne na sa hannu na gani.

Ka fara da gwangwanin. Kada ka taɓa kwamfuta tukuna. Ni gaggawa ta ɗebe ni, a daren nan na buga sunan yaron a intanet, na samu wani mai suna iri ɗaya da ya rasu a shekarar, na yi mako biyu ina tara labarin jirginsa. Har na karanta wa Mama wani sashe, ta yi hawaye. Daga baya na gane yaron wasu ne. Kama da wane ba ta wane, kuma ranar da na je na shaida mata cewa na sa ta kuka a kan ɗan wani gida, na ji nauyin da ban taɓa ji ba. Abin da zai hana ni wannan kuskure yana cikin gwangwanin tun ranar farko. Lambobin yabon Yaƙin Duniya na Farko ana buga rubutu a jikin gefensu: lambar aiki, suna, muƙami. Ka ɗaga su wajen haske, ka juya gefen a hankali, in idonka ya gaza ka ɗauki hoto da waya ka buɗa shi. Lambar aikin nan ita ce mabuɗin komai, domin suna yana iya zama na mutum goma, lamba kuwa ta mutum ɗaya ce. Ta yaronmu ta fara da harafin J, wanda ake bai wa masu aikin bisa jirgi da yaran da ake horarwa don wannan aiki.

Yawan lambobin ma magana yake. Waɗanda suka fita fagen yaƙi kafin ƙarshen 1915 suna da tauraron tagulla na 1914-15 ƙari a kan lambobi biyun da aka saba bayarwa. Namu biyu ne kawai, wato sai a 1916 ya hau jirgin yaƙi, kuma takardu sun zo sun tabbatar da haka. Faifan tagullan kuwa, mai faɗin kusan santimita 12, irinsa fiye da miliyan ɗaya aka aika wa iyalan waɗanda suka rasu a yaƙin. Sunan mamacin ne kawai a kai, babu muƙami, da gangan aka yi haka don kada a bambanta babban hafsa da yaro. Kada ka goge shi da man goge ƙarfe. Duhun da ya yi na shekarunsa ne, in ka kankare ba ya dawowa.

Bayan gwangwani sai bakin tsofaffi, kuma wannan da zafi-zafi ake yin sa, domin takarda tana jira, tsoho ba ya jira. Ka nemi izini ka kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarka, ka ajiye ta gefe har a manta da ita. Kada ka ce "ba ni labarinsa", za a ce maka ba a san komai ba. Ka tambayi ƙananan abubuwa. Wa ya ba ki wannan wuƙa? A wane ɗaki hoton yake rataye? Kakarki tana ambatonsa? Da na tambayi Mama haka, sai ga zance yana fitowa kamar an kwance bakin buhu. Mahaifinta yana ɗan shekara 10 lokacin da wansa ya zo hutun ƙarshe, ya saɓa shi a wuya ya zagaya da shi unguwa, ya bar masa wuƙar ya ce ya riƙe masa kafin ya dawo. Kakarta kuma tun daga wannan shekara ba ta ƙara yarda ta je bakin teku ba har ta koma ga Mahaliccinta, alhali tafiyar minti ashirin ce daga ƙofar gidanta. Babu ma'ajiyar tarihin da za ta ba ka wannan.

To yanzu sai intanet. Wurin farko shi ne shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda aka fi sani da CWGC. An kafa ta a 1917, tana riƙe da sunayen mutum kusan miliyan 1.7 da suka rasu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, kuma neman suna a shafinta kyauta ne. Ka sa sunan mahaifi da lambar aiki tare. Za ta ba ka muƙami, sunan jirgi, ranar rasuwa, da wurin da kabarinsa yake ko inda aka rubuta sunansa in ba shi da kabari. Sau da yawa akwai shekarunsa da sunayen iyayensa da adireshinsu, in iyalin sun mayar da takardar da hukumar ta aika musu a wancan zamani. Ka rubuta lambar allon da aka zana sunan a jikinsa a wurin tunawa, za ka buƙace ta daga baya. A nan muka ga cewa yaronmu yana cikin jirgin Queen Mary, ya rasu ranar 31 ga Mayu 1916, yana da shekara 16.

Takardar da ta fi kowace daraja tana babbar ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya da ke Kew, a yammacin Landan, cikin jerin kundin da ake kira ADM 188. Rajistar aikin ƙananan sojojin ruwa ce, kowa da shafinsa, kuma ana iya sauko da hoton shafin ta intanet ba sai ka je ba. Rubutun hannu ne na magatakarda, cike da gajerun kalmomi, sai ka yi haƙuri da shi. A sama akwai ranar haihuwa da garin haihuwa da sana'ar da yake yi kafin ya shiga. Namu ɗan aiken wani mai kanti ne. Sai siffarsa: tsawo ƙafa 5 da inci 2, gashi ruwan ƙasa, idanu shuɗaye, tabo a babban yatsan hannun hagu. Na karanta wa Mama zancen tabon, ta dubi wuƙar da ke cikin gwangwanin, ba wanda ya ce komai a cikinmu. Ba mu rubuta cewa wuƙar ce ta yanke shi ba, domin ba mu da shaida, amma mun ajiye abubuwan biyu kusa da juna.

Ƙasa da haka jerin wuraren da ya yi aiki ne da kwanan wata. Kada sunayen su ruɗe ka: rundunar tana sa wa barikokinta na tudu sunaye irin na jiragen ruwa. Ganges, inda yaronmu ya fara, makarantar horar da yara ce a Shotley da ke yankin Suffolk, ta yi aiki daga 1905 zuwa 1976. Impregnable ta horar da yara a Devonport, tashar sojan ruwa da ke Plymouth. Yaro kan shiga yana ɗan shekara 15 zuwa 16, da sa hannun iyayensa, ya fara a matsayin yaro mai daraja ta biyu, in ya ci jarrabawa ya koma daraja ta ɗaya, daga nan a tura shi jirgi. A ƙarshen layinsa za ka ga haruffa biyu, D.D., ma'anarsu an sallame shi a matsayin mamaci. Haka magatakarda yake rufe shafi.

Amma akwai wani wuri a shafin da nake so ka tsaya ka duba da kyau. A wancan zamani kwantiragin sojan ruwa na shekara 12 ne, kuma ba a fara ƙirga shi sai ranar da yaro ya cika 18. Saboda haka tun ranar da ya shiga ake rubuta ranar da aikinsa na gaske zai soma, ranar da ba ta zo ba tukuna. A shafin yaronmu wata rana ce a ƙarshen 1917, wata goma sha takwas bayan jirginsa ya nutse. Wajen awon tsawo ma layi biyu ne, ɗaya na ranar shiga, ɗaya na ranar da za a sake auna shi in ya zama babba. Layi na biyu babu komai a ciki. A lissafin rundunar kanta, wannan yaro ya mutu a yaƙi bai ko fara aiki ba. Duk wanda zai rubuta wani abu a kan irin waɗannan yara, ina roƙonsa ya sa wannan layin a gabansa kafin ya ɗauki alƙalami.

In ana shakkar shekarunsa, domin akwai yaran da suka ƙara wa kansu shekaru don a ɗauke su, ka gwama ranar haihuwar da ke rajistar da takardar haihuwarsa, ka kuma duba ƙidayar jama'a ta 1911, inda za ka same shi yana ɗan makaranta cikin 'yan'uwansa.

Sai labarin jirgi, kuma a nan ne ake yawan zarce gona da iri. Karon Jutland, wanda Queen Mary ta nutse a cikinsa, a tekun da ke yamma da Danmak, shi ne karo mafi girma tsakanin jiragen Birtaniya da na Jamus a wannan yaƙi: jirage kusan 250, mutane kusan 100,000. Birtaniya ta rasa jirage 14 da mutum 6,094, Jamus ta rasa jirage 11 da mutum 2,551. Queen Mary ta tashi daga tashar Rosyth da ke Scotland a daren 30 ga Mayu. Washegari da misalin ƙarfe 4 da minti 26 na yamma harsasan igwar Jamusawa suka same ta, ma'ajiyar albarushinta ta fashe, ta tsage ta nutse cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Mutum 1,266 suka rasu, waɗanda suka tsira ba su wuce 20 ba. Gawar jirgin tana ƙarƙashin teku har yau, kuma dokar Birtaniya ta 1986 mai kare ragowar jiragen soja ta hana a taɓa ta. Wannan ya ishe ka. Inda yaron yake tsaye a wannan minti, ko me ya gani, ko me ya faɗa, babu mai rai da ya sani, kada ka ƙirƙira masa.

Na nace a kan haka saboda abin da na tarar a gidan Mama. Labarin da ake gado a dangin shi ne wai baffan nata ɗan shekara 18 ne, mai harba igwa, ya tsaya a bakin igwarsa har ya mutu. Da na bi diddigi sai na ga labarin wani yaro ne daban ya shigo gidan ya zauna. Sunansa Jack Cornwell, ɗan shekara 16, yana aikin saita igwa a jirgin Chester a wannan karo na Jutland. Abokan aikinsa kusan duk an kashe su ko an raunata su, shi ma da mummunan rauni a jiki, amma bai bar wurinsa ba. Ya rasu a asibitin Grimsby ranar 2 ga Yuni. Da farko kabarin gama-gari aka sa shi a maƙabartar Manor Park da ke Landan, da labarinsa ya bazu aka tono shi aka sake binne shi da faretin soja ranar 29 ga Yuli, aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a ƙasar. An rataye hotonsa a makarantu, igwarsa tana gidan tarihin yaƙi na Landan har yau. Ya cancanci duk wannan. Amma ka ji wani abu: babban zanen da aka yi nasa, ɗan'uwansa ne ya tsaya aka zana. Wato ko shi da ƙasa duka ta san sunansa, fuskar da mutane suka haddace ba tasa ba ce. Iyalai da yawa da aka aiko musu da gajeriyar takardar rasuwa babu bayani, sai suka ari labarin Cornwell suka yafa wa nasu yaron. Ban ga laifinsu ba, uwa tana neman abin da za ta riƙe. Sai dai bayan shekara ɗari, aikinka shi ne ka cire wannan aron riga a hankali, ka ga yaron da ke ciki.

Yadda muka yi shi ne, mun rubuta shafi ɗaya tak, muka raba zancen gida uku. Abin da takarda ta faɗa, muka sa sunan takardar. Abin da dangi suka faɗa, muka ce wance ta ji daga bakin mahaifinta. Labarin igwar ma bai ɓace ba, mun rubuta cewa haka ake faɗa a gidan, rajista kuma ga abin da ta nuna. Kalmar gwarzo ba ta fito ko sau ɗaya ba. Mama ce ta hana, ta ce, "Ɗana, gwarzaye sun yi yawa a bango. Ka rubuta cewa hularsa ta yi masa yawa." Ka fara shafin da rayuwarsa: gidan da aka haife shi, ƙannensa, aiken da yake yi wa mai kanti, hutun ƙarshe. Mutuwarsa ta minti kaɗan ce, kada ta cinye shekara 16.

In yaron naku na Yaƙin Duniya na Biyu ne, hanyar kusan ɗaya ce da bambanci kaɗan. Lambobin yabon wancan yaƙi babu suna a jikinsu, takardun aiki kuma sai an cika takardar nema ta shafin gwamnatin Birtaniya. Lambar aikinsa takan fara da P ko D ko C, alamar Portsmouth ko Devonport ko Chatham. Asarar yara mafi muni a jirgi ɗaya ita ce ta Royal Oak, wanda jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar a Scapa Flow, mashigin ruwa a arewacin Scotland, ranar 14 ga Oktoba 1939: cikin mutum 835 da suka rasu, 134 yara ne da ba su kai 18 ba.

Yanzu sai tafiya, domin gani ya kori ji. Yawancin sojojin ruwa ba su da kabari sai teku, shi ya sa bayan yaƙin farko aka gina hasumiyoyi uku iri ɗaya a manyan tasoshin da ake ɗibar ma'aikatan jirage, Portsmouth da Plymouth da Chatham, aka buɗe su a 1924. An yi su dogaye ne don matuƙan jirage su riƙa hango su daga ruwa. Sunan yaronmu yana ta Portsmouth, a filin Southsea, dab da bakin teku, cikin sunaye kusan 25,000 na yaƙe-yaƙen biyu. An jera su bisa shekarar rasuwa, sannan muƙami, sannan harufan suna, don haka in ba ka riƙe lambar allo ba za ka yini kana zagaye. Ka tafi da rigar sanyi ko da rani ne, iskar wurin ba ta wasa, kuma in da tsoho za ka je ka ɗauki kujerar naɗewa. Kada ka manna komai a jikin tagullar, furen ko 'yar takarda a ƙasan allo ake ajiyewa. Na tura Mama a keken guragu har gaban allon. Sunan yana sama da inda hannunta zai kai, sai ta ce in taɓa mata. Na ɗora yatsana a kai, ita kuma ta riƙe ɗaya hannun nawa, ta yi addu'a irin ta addininta, na tsaya shiru har ta gama. Sama da sunansa da ƙasa da shi duk yara ne masu daraja ta ɗaya, layi bayan layi. Na karanta mata goma daga ciki da ƙarfi, domin ta ce wataƙila su ma babu wanda ya zo musu.

Game da ranar tunawa, ƙasar tana da tata, 11 ga Nuwamba, da shirun minti biyu da ƙarfe 11 na safe da jan furen da ake maƙalawa a ƙirji. Ka halarta in kana so. Amma ka zaɓa wa yaron ranarsa shi kaɗai. Na ba da shawarar 31 ga Mayu, Mama ta ƙi, ta ce wannan rana ta mutum dubu shida ce, ranar haihuwarsa kuwa uwarsa ce ta fara riƙe ta. Gaskiyarta. A ranar ba a yin wani dogon biki: a fito da hoton, wani ya karanta shafin nan da ƙarfi, a ambaci cikakken sunansa, a zagaya da wuƙar kowa ya riƙe.

Kayan kuma ka adana su yadda za su kai wani ƙarni. Ka ɗauki hoton kowane abu gaba da baya. A bayan hoton asali ka rubuta suna da fensir mai laushi, kada ka sa biro, tawadarsa tana ratsa takarda. Kada ka liƙe shi cikin roba da zafi, ka sa shi cikin ambulan da ake yi don adana tsofaffin takardu, nesa da rana da danshi. Shafin da kuka rubuta a buga kwafi uku aƙalla, a raba gidaje daban-daban na dangi, ɗaya kuma a kai ɗakin karatu ko gidan tarihin garin da aka haife shi. Ka duba dutsen tunawa da mamatan yaƙi na garin ma, sau da yawa sunansa yana can dangi ba su sani ba.

Abu na ƙarshe shi ne ka nemo wanda zai karɓi gwangwanin tun mai shi tana da rai, kuma yaro ya fi dacewa. Mama tana da tattaɓa-kunne ɗan shekara 15 da ba ya ɗaga kai daga waya. Ranar haihuwar da muka fara yi, ta sa na ɗauko awo na auna ƙafa 5 da inci 2 a jikin katakon ƙofar falo, na ja layi da fensir, ta rubuta sunan baffanta da 1915 a gefe. Ta kira yaron ta ce ya cire takalmi ya jingina. Layin a daidai haɓarsa ya tsaya. Ya juya ya dubi layin, ya dubi hoton, ya tambaye ta ko wannan ne aka sa a jirgin yaƙi. Ta ce shi ne. Ya ce a ba shi shafin, shi zai karanta.